Tazarar Shekaru da Haɗarin Kamuwa da HIV Tsakanin Matasan Baƙaƙen Fata Masu Neman Maza a Amurka

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma. A karatunmu na ci karo da bayanin cewa a Amurka matasan baƙaƙen fata masu neman maza, har da waɗanda ke neman maza da mata duka, sun fi kowane rukuni kamuwa da ƙwayar cutar HIV, kuma wai dalili shi ne suna mu'amala da mazan da suka girme su. Shin gaskiya ne? Idan haka ne, ba zai wadatar a ja musu kunne su tsaya ga sa'o'insu ba?

Amsa: 'Yar'uwa, rabin farko na abin da kika karanta gaskiya ne ba tare da wata tantama ba. Rabi na biyu kuwa yana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka ɗauke shi yadda kika same shi aka mayar da shi shawara ga matasa, zai iya jefa wasunsu cikin ramin da ake ƙoƙarin kawar da su daga bakinsa. Shekarun abokin saduwa alama ce da ke nuni ga wasu abubuwa, kuma waɗancan abubuwan ne ke yaɗa cutar, domin ƙwayar HIV ba ta duba takardar haihuwar kowa kafin ta shiga jiki.

Ya kamata mu fara da sanin girman matsalar. A watan Fabrairun 2016, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta gabatar da wani ƙiyasi a taron masana a birnin Boston, inda ta ce idan aka ci gaba da tafiya a yadda ake, namiji ɗaya cikin kowane biyu daga baƙaƙen fata masu neman maza zai kamu da HIV a tsawon rayuwarsa. Ga 'yan asalin Latin Amurka ɗaya ne cikin huɗu, ga fararen fata kuma ɗaya cikin 11. Kafin wannan, wani bincike mai suna HPTN 061 ya bi baƙaƙen maza fiye da 1,500 a birane shida tsakanin 2009 da 2011, ya gano cewa kusan kashi 3 cikin 100 na kamuwa a kowace shekara, amma a tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 30 adadin ya kusa kaiwa kashi 6. A Atlanta abin ya fi haka muni, domin masana na Jami'ar Emory sun tarar da cewa cikin baƙaƙen matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 da suka bi, fiye da ɗaya cikin goma na kamuwa a shekara guda. Irin waɗannan alƙaluma ba a saba jin su ba sai a wuraren da annobar ta fi ƙamari a duniya, ga shi kuwa ana maganar ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan magani.

Abin da kowa ya fara zato shi ne waɗannan matasa sun fi sauran sakaci. Gregorio Millett, wanda ya yi aiki da CDC, shi da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi na shekaru masu yawa suka auna wannan zato, suka buga sakamakon a 2007, suka kuma faɗaɗa shi a mujallar Lancet a 2012. Abin da suka samu ya rushe zaton daga tushe. Baƙaƙen maza masu neman maza ba su fi fararen yawan abokan saduwa ba, ba su fi su shan ƙwaya ba, kuma a binciken da dama sun fi su amfani da kwaroron roba. Duk da haka sun ninka su wajen ɗauke da cutar. Daga nan tambayar ta sauya salo. Idan abin da mutum ke aikatawa bai bayyana bambancin ba, to sai a duba wanda yake aikatawa da shi, kuma ta wannan ƙofa ce maganar shekaru ta shigo.

Hujjar tana da ma'ana a kanta. HIV cuta ce da ba ta barin jiki idan ta shiga, saboda haka adadin masu ɗauke da ita yana taruwa ne yayin da rukunin mutane ke manyanta, kamar yadda ruwa ke taruwa a randa. Idan aka ɗauki mutum ɗari 'yan shekara 19 da wasu ɗari 'yan shekara 40 daga unguwa guda, dole a fi samun masu cutar a rukuni na biyu, domin sun fi daɗewa a fagen. Tun daga 1996 kuma, lokacin da haɗin magunguna masu ƙarfi ya fito ya hana mutane mutuwa da wuri, wannan taruwa ta ƙaru, har ta kai yau fiye da rabin waɗanda aka tabbatar suna da HIV a Amurka sun kai shekara 50 ko sun haura. Binciken farko-farko ya goyi bayan wannan lissafi. A Los Angeles, nazarin da Trista Bingham ta jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa saduwa da manya da kuma saduwa da 'yan'uwa baƙaƙe sun bayyana wani ɓangare na bambancin. A San Faransisko a 2007 an gano cewa baƙaƙen maza sun fi sauran samun abokin saduwa da ya girme su da shekara goma ko fiye. A jihar Karolina ta Arewa kuma, Christopher Hurt da abokan aikinsa sun duba matasan da suka kamu sabo-sabo, suka buga a 2010 cewa idan abokin saduwa ya girmi matashi da shekara biyar, yiwuwar ya kasance cikin sababbin kamu tana ninkawa sau biyu.

Akwai kuma wani abu da ke tafiya tare da tazarar shekaru, wanda sai an faɗe shi a fili kafin a fahimci lamarin, kuma a harkar lafiya kunya ba ta da gurbi a nan. Haɗarin saduwa ta dubura ba ɗaya ba ne ga mutanen biyu. Bisa ƙiyasin CDC na 2014, idan aka yi saduwa sau 10,000 da mai ɗauke da cutar ba tare da kwaroron roba ko magani ba, wanda ake shiga zai kamu kusan sau 138, mai shiga kuma kusan sau 11. Dalili shi ne fatar cikin dubura siririya ce, tana saurin yagewa, kuma tana cike da irin ƙwayoyin garkuwar jikin da HIV ke farauta. A mu'amalar da ɗaya ya girmi ɗaya sosai, sau da yawa ƙaramin ne ke kasancewa a matsayin da ya fi haɗari, kuma shi ne ke da ƙarancin bakin cewa a sa kwaroron roba ko a je a yi gwaji tukuna. Likitar matasa Renata Arrington-Sanders ta Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore ta zauna da irin waɗannan samari ta saurare su, kuma abin da suka gaya mata ya cancanci a tsaya a kansa. Da yawansu suna neman babba ne domin natsuwarsa, domin ya nuna musu hanya a rayuwar da ba su da mai yi musu jagora a cikinta, wasu kuma domin tallafin da yake ba su. Matashin da ba ya iya faɗa wa iyayensa ko malaminsa halin da yake ciki, duk wanda ya fara sauraronsa shi zai zame masa uba da malami a lokaci guda, kuma mutum ba ya saurin yi wa wanda yake kallo da wannan ido tambayar ko ya yi gwaji.

Har zuwa nan, kamar abin da kika karanta ya tabbata. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2015 masanan Emory, ƙarƙashin Jeremy Grey, sun haɗa bayanan bincike huɗu suka kwatanta matasa baƙaƙe da farare, suka tarar da cewa tazarar shekarun da ke tsakaninsu da abokan saduwarsu ba ta da bambancin da zai iya bayyana gagarumin giɓin da ke tsakanin rukunan biyu. Matasan fararen fata ma suna hulɗa da manya, amma ba sa kamuwa da irin wannan yawa. A shekarar ce kuma masanan CDC suka bi wata hanya ta daban, wato kwatanta tsarin halittar ƙwayar cutar da aka samu a jikin mutane daban-daban, domin ƙwayoyin da suka yi kama sosai suna nuna cewa masu su na cikin sarƙar yaɗuwa guda. Abin da wannan ya nuna shi ne galibin matasan baƙaƙe suna haɗe ne da wasu baƙaƙen da ba su yi musu nisa a shekaru ba. Ma'ana, annobar ta riga ta zauna da gindinta a tsakanin matasan su kansu, tana zagayawa daga sa'a zuwa sa'a.

Shi kansa binciken Atlanta, lokacin da aka zo tantance abin da ya fi bayyana bambancin kamuwa, abubuwa biyu ne suka yi fice, wato rashin inshorar lafiya da kuma kasancewar abokan saduwar mutum baƙaƙe ne. Wannan na biyu yana buƙatar a fassara shi da kulawa, domin launin fata ba shi da wata alaƙa ta halitta da cutar. Lissafi ne kawai. A farkon binciken an tarar kashi 43 cikin 100 na baƙaƙen da aka gwada suna ɗauke da HIV, farare kuma kashi 13. Ki ɗauki samari biyu masu hali iri ɗaya, kowannensu yana da abokin saduwa ɗaya tal a shekara, ɗaya yana zaɓa daga rukunin farko, ɗaya daga na biyu. Na farkon ya ninka na biyun fiye da sau uku wajen yiwuwar haɗuwa da mai cutar, alhali bai aikata komai da ɗan'uwansa bai aikata ba. Mutum biyu ne ke ɗiban ruwa da guga iri ɗaya, amma rijiyoyinsu daban. Abin da ya sa rijiyar baƙaƙen ta zama ƙarama kuwa sananne ne ga duk wanda ya san tarihin Amurka: unguwannin da aka daɗe da rarrabawa bisa launi, da wariyar da baƙaƙe ke fuskanta har a cikin masu neman mazan su kansu da kuma a manhajojin neman abokai na waya, da yawan kulle samari baƙaƙe a kurkuku wanda ke yanke musu magani ya kuma wargaza zaman da suka ƙulla. A ƙaramar da'ira irin wannan, da zarar cuta ta shiga sai ta yi ta kewayawa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin shi ne ya sauya fahimtar masana gaba ɗaya. Abin da ke sa mutum ya yaɗa HIV shi ne yawan ƙwayar cutar da ke yawo a jininsa da maniyyinsa. A 2011 binciken HPTN 052 ya nuna cewa fara shan magani da wuri yana rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. Daga baya binciken PARTNER2, wanda aka buga a 2019, ya bi maza 782 da abokan zamansu maza a ƙasashen Turai, inda ɗaya ke da cutar yana shan magani har ƙwayar ta yi ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ɗayan kuma ba shi da ita. Sun yi saduwa fiye da sau 76,000 ba tare da kwaroron roba ba, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. An samu mutum 15 da suka kamu a lokacin binciken, amma da aka duba tsarin halittar ƙwayoyin sai aka ga duk daga waje suka ɗauko.

Ki ɗora wannan a kan maganar shekaru ki ga yadda lissafin ke juyewa. Babba ya fi yiwuwar kasancewa da cutar, amma kuma shi ne ya fi yiwuwar sanin yana da ita, ya fi yiwuwar yana shan magani, ya kuma fi yiwuwar ƙwayar ta kwanta a jikinsa. Matasa su ne rukunin da ya fi kowane rashin sanin matsayinsa. A binciken da CDC ta yi a birane 21 a 2008, kusan bakwai cikin goma na baƙaƙen 'yan ƙasa da shekara 30 da aka samu da cutar ba su san suna da ita ba. Al'amura sun gyaru tun daga lokacin, amma har yanzu matasa ne ke baya wajen gwaji da wajen dagewa a kan magani. Ƙari a kan haka, makonnin farko bayan kamuwa su ne lokacin da ƙwayar ke yin yawa matuƙa a jini, mutum yana jin kansa garau ko kuma ya ɗauka zazzaɓi ne kawai, kuma a tsakanin matasa ne aka fi samun irin waɗannan sababbin kamu. Saboda haka mutum mai shekara 45 da ya shafe shekara goma yana shan maganinsa ba fashi ba zai sa wa kowa cutar ta hanyar saduwa ba, alhali saurayi ɗan shekara 21 da ya kamu watan jiya bai sani ba yana cikin waɗanda suka fi kowa yaɗa ta. Idan aka ce wa matashi ya guji manya ya tsaya ga sa'o'insa, an ba shi wani ma'auni da zai sa ya saki jiki daidai inda ya kamata ya yi hattara, har ya ajiye kwaroron roba don abokin nasa yaro ne kamarsa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma an ƙara ɗora wa manyan da ke fama da cutar wani tabo, wanda sanannen abu ne cewa tabo yana korar mutane daga asibiti.

Wannan muhawara ba a Amurka kaɗai aka yi ta ba, kuma yana da amfani ki san da haka tun da karatunki ya shafi al'umma. A lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu an yi gangamin gargaɗin 'yan mata game da manyan maza masu ba su kuɗi, sai wani bincike da aka buga a 2014 ya kasa samun alaƙa tsakanin tazarar shekaru da kamuwa a tsakanin matan da ya bi, sannan wani da ya duba tsarin halittar ƙwayar ya nuna cewa lallai 'yan mata da yawa daga mazan da suka girme su suke ɗauka. Darasin da masana suka ɗauka shi ne nauyin shekaru yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, gwargwadon waɗanda ke ɗauke da cutar a wurin da kuma waɗanda ke samun magani a cikinsu.

Ba ina nufin a share batun shekaru daga tambayoyin da ma'aikacin lafiya ke yi ba. Yana da muhimmanci, amma a matsayin ƙofar shiga wata magana. Idan yaro ɗan shekara 16 ya ce abokinsa ɗan shekara 30 ne, wannan batu ne na kare yaro daga cin zarafi tun kafin a zo ga HIV. Idan saurayi ɗan shekara 20 da aka kora daga gida yana kwana a ɗakin wani babba wanda ke ciyar da shi, abin tambaya shi ne ko yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa wurin kwana ba. A irin wannan hali, samar masa da matsuguni da aikin yi yana cikin rigakafin HIV kamar yadda ƙwayar magani take, kuma na yi imani duk shirin da ya manta da wannan zai yi ta zuba ruwa ne a kwando.

Abin farin ciki shi ne yanzu akwai kariyar da ke hannun matashin shi kansa, wadda ba ta jiran yardar abokin saduwa, babba ne ko ƙarami. Maganin rigakafin da ake kira PrEP ya samu amincewar hukumar kula da magunguna ta Amurka a watan Yulin 2012 da sunan Truvada, aka faɗaɗa shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 masu nauyin kilo 35 zuwa sama a 2018, kuma idan ana shan sa yadda aka tsara yana rage haɗarin kamuwa ta hanyar saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. A Disambar 2021 aka amince da allurar Apretude da ake yi duk bayan wata biyu, sannan a Yunin 2025 aka amince da allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda ta dace ƙwarai da saurayin da ba zai iya ajiye kwalbar magani a gidan iyayensa ba. Matsalar ita ce waɗanda suka fi buƙatar wannan kariya su ne suka fi ƙarancin samunta. Kusan rabin sababbin kamu a Amurka a jihohin Kudu suke, kuma jihohi irin su Jojiya, Alabama, Misisipi, Fulorida da Texas ba su karɓi cikakkiyar faɗaɗa shirin Medicaid ba, wanda shi ne inshorar marasa galihu, bayan da Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓi a 2012. Ga kuma rashin yarda da likitoci, wanda ke da tushe a tarihi, domin daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza masu ciwon tunjere a garin Tuskegee na jihar Alabama ba tare da magani ba don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Duk da haka, kada a ce ba sa so. A binciken HPTN 073, inda aka haɗa wa baƙaƙen maza tayin PrEP da kulawar ma'aikatan da suka fahimci rayuwarsu, kusan kashi 79 cikin 100 sun karɓa.

Saboda haka idan irin wannan matashi ya zauna a gabanki wata rana, ki tambaye shi shekarun abokinsa, amma kada ki tsaya a nan. Ki tambaye shi yaushe shi da abokin suka yi gwaji na ƙarshe, kuma idan abokin yana da cutar, ko yana shan magani da kuma abin da awon jininsa na baya-bayan nan ya nuna. Ki duba shi game da ciwon sanyi da tunjere, har a maƙogwaro da dubura, domin waɗannan suna buɗe wa HIV hanya kuma sau da yawa ba sa nuna alama. Ki yi masa tayin PrEP kai tsaye ba tare da jiran sai ya roƙa ba, ki sanar da shi cewa ƙwayar da ake sha kullum tana buƙatar kimanin kwana bakwai kafin ta ba da cikakkiyar kariya ga wanda ake shiga. Ki shawarce shi ya riƙa gwaji duk bayan wata uku zuwa shida, ki kuma bayyana masa cewa gwajin ɗakin bincike na jinin jijiya yana iya gano cutar ne tsakanin kwana 18 zuwa 45 bayan kamuwa, gwajin gaggawa na tsinin yatsa kuma yana iya kaiwa kwana 90, don haka sakamakon yau da ya nuna babu cutar bai ce komai ba game da abin da ya faru makon jiya. Idan kuwa ya zo miki a firgice saboda saduwar da ya yi daren jiya ko shekaranjiya ba kariya, akwai maganin gaggawa mai suna PEP da ake sha na kwana 28, wanda dole a fara shi cikin awa 72, don haka ki ba shi kashin farko ya haɗiye kafin ya bar ɗakin.